Rago Ya Tunkuyi Idon Gajere, Labo Na Jiran Almakashi

Jiya ko kunu ban gama sha ba, Zouera matar maƙwabcina Gajere ta yi sallama tana kuka. Gajere dillalin dabbobi ne. A kasuwar Dantchiao ya duƙa zai buɗe bakin wani rago ya duba haƙora, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ragon bai ji daɗin binciken ba, ya ja da baya ya tunkuye shi a idon hagu. Ido ya kumbura, kuma komai biyu-biyu yake gani.

Na goya shi a moto zuwa wani asibitin da ba zan kama sunansa ba, don ni ma wata rana zan kwanta ciwo. Zouera ta biyo mu a baya.

Manjo, babban malamin jinya, ya duba ya ce wataƙila ƙashin kwarmin idon ne ya tsage, kuma in aka yi jinkiri ganin na iya zama haka har abada. Sai an yi radiyo, wato hoton ƙashi. Na'urar radiyon kuwa tana hutu tun damina.

"Amma kwantar da hankalinka, Baba," in ji manjo. "Manya sun je atelye, taron ƙara wa juna sani. An ce masana na gwada wasu alamomi a cikin jini da za su taimaka a gane irin wannan karaya."

Na ce madalla, ga hannun Gajere, a ɗiba.

"Labo, ɗakin gwajin jinin, a kulle yake. Sai Mai Girma ya zo ya yanke ƙyalle."

Allah ya ja zamanin Masu Girma. Wa ya kai su sanin sirrin jinin talaka? Ai sun daɗe suna sha. Dokin mai baki dai ya fi gudu, amma bai taɓa kai marar lafiya ko'ina ba.

A bakin ƙofa muka tarar da Faruku wanzami. "In dai jini ne, ai na riga su," in ji shi. "Kawo shi in kafa masa ƙaho." Zouera har ta fara gyaɗa kai, ni na hana. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, don dillalin da bai san rago ɗaya daga biyu ba, iyalinsa sun shiga uku.

Muna tsaye sai ga katkat, ƙatuwar motar Mai Girma, ta wuce, ko birki babu. Gajere ya damƙe hannuna.

"Malam, yanzu su biyu ne?"

Na ce ɗaya ne.

"To maza nemo motar Damagaram a gyara mini idon nan. Ɗayan ma da ƙyar muke ɗauke da shi."