Ranar da Na Kira Malam Don Aljanin Japon

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tara mutanen unguwa a tsakar gidana ba, nan Ƙonni, wai a fitar wa ɗana Sani aljani. (Ni mai facin taya ne a bakin tasha. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji huɗu na yi aka koro ni, to kada wani ya yi mini kallon mai ilimi.)

Da tsakar rana abin ya faro. Na dawo cin abinci, gida tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai ga Sani, ɗan shekara bakwai, tsaye cikin rana shi kaɗai, ƙafafu a ware, ya haɗa tafin hannuwansa a gefen ƙugu kamar mai riƙe da abu mai zafi. Ya kafa wa bango ido. Na kira shi, bai waiga ba. Can ya fara gurnani daga maƙogwaro, muryar na hawa, na hawa, ya ƙwala wata kalma da ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ya tura hannuwan gaba. Sai ya faɗi rigingine, bai ko motsa ba. Kafin in kai gare shi ya miƙe zumbur, ya yi wa bangon ruku'u.

Uwarsa Hadiza ta ce ya kwana biyu yana haka, kuma kullum da la'asar gindin tsamiyar bayan gida yake zuwa. Kowa ya san masu zama gindin tsamiya. Ina da ƙane da ya fara da magana shi kaɗai, yau a juji yake kwana.

Ban tambayi yaron komai ba. Na ɗauko Malam Isa mai ruƙiyya, aka hura garwashi, aka zuba turare, aka lulluɓe Sani da zane. Mata sun cika gida, yara sun jeru bisa katanga. Malam na karatu, yaro na tari yana kuka cikin hayaƙi.

Sai ɗaya daga yaran katanga ya miƙe, ya haɗa hannuwa a ƙugu, ya fara gurnanin nan. Na kusa da shi ya ɗauka. Kafin ka ce me, duk katangar ta ɗauka, murya guda. Na shiga ihu cewa ƴaƴan unguwa duka an kama, na ɗauko gatari, na rantse gaban kowa yau sai na sare tsamiyar.

A ƙofa na yi karo da Lawali, ƙanen Hadiza, ɗan kabu-kabu. Ya dubi gatarin, ya dubi yaran, ya je ya yaye zanen.

"Yaya, mi kuka yi wa yaron ga?"

Ya ciro wayarsa. Ashe gindin tsamiyar yake ajiye babur ya huta, yara su yi layi yana nuna musu wasan faɗa na ƴan Japon a wayar. Muka leƙa har da Malam. Mutum biyu na zane, gashi tsaye kamar ƙaya, idanu kamar faifai. Suka yi wa juna ruku'u, suka hau dukan juna har da jini, ɗaya ya haɗa hannuwa ya watso wuta, ɗayan ya faɗi matacce, ya sake tashi. Gurnanin ma shi ne, ba ragi.

Malam ya naɗe buzunsa a hankali, ya ce, "Wanga ba ni da maganinai. Ku kashe wayar."

Ni kuwa ina tsaye da gatari.

Har yau in na duƙa bisa taya, sai ƴan kabu-kabu su haɗa hannuwa a ƙugu su yi mini gurnani. (Allah ya isa tsakanina da Lawali.) Wasan dai na hana, kuma ina nan kan bakana: abin da ake kashe mutum ya miƙe yana murmushi bai dace da yaro ba. Amma kafin ka hura wa ɗanka garwashi, buɗe baki ka tambaye shi. Da tarin ya lafa, Sani ya ce da na tambaya, da ya koya mini.