Taken da Baba Ɗanjimma Ya Buga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙafafuna suka ci amanata a gaban wakilin jam'iyya ba. Lokacin jam'iyya ɗaya ce a Togo, kuma kowace unguwa sai ta fitar da ƙungiyar animasiyon, wato masu waƙa da rawa na yabon ƙasa. Mu 'yan Zongo, unguwar Hausawa, ana yi mana kallon baƙi, ko da a Lome aka yanke wa mutum cibiya, ga raɗe-raɗin za a tashi unguwar. Dattawa suka ce dole mu nuna mu ma 'yan ƙasa ne. Suka ɗora mini aikin, don ni ne mai ɗan ilimin lakwal, wato boko, kuma an san ba na wasa.

Na tsara komai. Da farko sahu, dogaye a baya. Sannan waƙoƙin ƙabilar Mina da na Kabiye, waɗanda muka haddace kamar karatun allo, ba tare da mun san rabin ma'anarsu ba. Daga ƙarshe taken ƙasa, kowa a ƙame. Duk wanda ya motsa kafaɗa a lokacin take, na kore shi. (Har ƙanwar mahaifiyata na kora, ta daina gaishe ni.)

Ba mu da masu algaitar soja, sai na nemi Baba Ɗanjimma, tsohon makaɗin mahauta, ya ɗauko mana take da kalangu. Ya ƙi zuwa gwaji.

"Kalangu ba ya zuwa lakwal, ɗan Sarkin Fawa," in ji shi.

Ba na son wannan suna. Mahaifina mahauci ne, ni kuwa akawun kanti ne mai ɗaura laktaye, Musye ake ce mini, irin kiran girmamawa na Faransanci. Na haɗiye fushina, na ce, "Baba, idan na ɗaga hannu, take za ka buga. Ka san shi?"

"Ni kake tambaya take? Tun ba a haife ka ba nake buga shi."

(A nan ya kamata in farga, domin jam'iyya ba ta daɗe da sauya taken ƙasar ba. Amma mai tsari ba ya zargin tsarinsa.)

Ranar ta zo. Wakili ya zauna a rumfa, jandarmomi a bayansa. Muka yi waƙar Mina, matan unguwar Akodesewa da suka zo kallo suna danne dariya, amma suka tafa. Sai na juya, na ƙame, na ɗaga hannu.

Baba ya matse kalangu a hammata, ya saki taken gidanmu, wanda ake yi wa kakana idan ya kayar da bijimi.

Abin ya bi wannan jerin: tsigar jikina ta tashi, kafaɗata ta amsa, ƙafar dama ta fita daga sahu. Kafin hankalina ya iso, ina tsakiyar fili, laktaye a kafaɗa, ina kirari da muryar da ban san ina da ita ba. Mahautan Zongo suka biyo ni. Daga bayan sahu na ji ƙanwar mahaifiyata tana cewa, "To, Musye, yau wa zai kore ka?"

Kiɗa ya tsaya. Wakili ya yafito ni. A wancan zamanin, wasa da taken ƙasa yana iya kai mutum inda ba a kai masa abinci, kuma ba ni kaɗai zan kwana a ciki ba, har da sunan Zongo.

"Wannan wace waƙa ce?" ya tambaya da Faransanci.

Na gyara laktaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, haka Hausawan Togo suke gaishe da ƙasarsu kafin take."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce a garinsu na arewa ma ganga ce take fara gaisuwa, kuma wannan shi ne irin al'adun gargajiyar da jam'iyya take nema. Ya ba da umarni a riƙa yin haka a kowane taro, ni ne a gaba.

Haka na yi shekaru ina rawar mahauta da izinin hukuma, 'yan Mina da Kabiye suna koyon takun kakana, suna cewa na ƙasa ne. Unguwar Zongo dai daga baya an tashe ta, rawata ba ta hana ba.

Darasin da na ɗauka: idan za ka ce wa makaɗi ya buga take, gaya masa na wa, domin shi ƙasar da ya sani ita ce gidan ubanka.