Lizoz ɗin Baba Ta Ce A Yi Haƙuri

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da makon da na yi ina jinyar na'ura a gidan surukaina ba.

A unguwar Gamkalley suke. Surukina, Baba Alhaji, mutumin Damagaram ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma tun da na auri 'yarsa yake kirana Injiniya. (Takardu kawai nake bugawa a wani biro, wato ofis, kusa da Gaweye, amma ban taɓa gyara masa ba. Sunan ya yi mini daɗi.) Saboda kunya irin ta surukai, daga salla sai salla nake leƙa su.

Baba yana da wata na'urar karatu da ake kira lizoz, littattafansa duka suna ciki, har da na tafsiri da yake dubawa kullum bayan la'asar. Wata Lahadi ya aiko a kira ni, wai na'urar tana neman a sabunta ta.

"Baba, mizajur ce kawai," na ce, ina hura hanci. "Aikin minti biyu."

Na jona ta, na danna. Wani layi ya fara tafiya a allo, ya kai rabi, sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Layin ya tsaya cak, da kalmar Faransanci ɗaya a ƙasansa. Na daure na fassara wa mutanen gidan: "Ta ce a yi haƙuri. Kada wanda ya taɓa ta, aiki take." Har na zare wayar caji, wai kada kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona ta.

Hajiya, surukata, ta shimfiɗa wa na'urar ƙyalle a kan kabad. Aka hana shara kusa da wurin. Ni kuwa kullum in na tashi daga aiki sai in biyo, in durƙusa in gaida Baba, in ƙura wa layin ido, in gyaɗa kai in ce, "Ya ɗan motsa." (Ko gashi ɗaya bai motsa ba.) Maƙwabta ma suka fara tare ni a ƙofa: "Injiniya, ya mai jiki?" Barci ya ƙaurace mini, don na tabbata na hallaka wa dattijo littattafansa.

Ranar Juma'a na shigo na tarar da gida cike da baƙi, Baba a tsakiyarsu yana karanta musu tafsiri daga lizoz ɗin, lafiyarta lau.

"Baba... ta gama?"

"Ai tun ranar Lahadi batirinta ya mutu," ya ce a natse. "Irin wannan allon ko ta mutu rubutun ba ya gogewa. Yau na sa mata caji, na danne maɓallin na ɗan lokaci, ta tashi."

Baƙi suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa don dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Baba, ashe kun sani? Me ya hana ku faɗa mini?"

"Tun da ka auri 'yata ban taɓa ganin ka zo gaishe ni kullum ba. Sai na ce bari in bi umarninta, in yi haƙuri."

Yanzu duk Juma'a ina Gamkalley, ba sai an aiko ba. Darasin da na koya kuwa: in na ga na'ura a gidan, hannuwana suna aljihu.