Lauyan Kaka

Maƙwabciyarmu a unguwar Gorton, 'yar Filifin, ta haihu, sai na ce ni zan ɗauko mahaifiyarta a filin jirgin Birmingham. Da jami'in shige da fice ya kira ni a waya yana tambayar abin da ya kawo tsohuwar, na gyara murya na ce, "Reno ta zo, ranka ya daɗe. Ga girki, ga wanki, ba ta zama!" Ashe ga mai bizar yawon buɗe ido, reno ma aiki ne. Suka tsare ta har la'asar. Tsohuwa ko gezau, ta nuna tikitin komawa, ta lallaɓa su har suka sake ta. Duk zuwanta yanzu, tana hango ni sai ta ce, "Ga Lauya nan, ku ɓoye waya."