Rasuwar Mai Fito, Motar Nonon Kanvili

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Imoru Lukumanu na Kanvili, Tamale, da maiɗakinsa Adiza suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, direbobi da masu shanun bayan Gumani rasuwar motarsu, farar a-kori-kura mai shan dizal, wadda unguwa ta sani da suna Mai Fito. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙofar asibiti, tana da shekara goma sha huɗu a duniya, shida daga ciki a hannun Imoru.

Marigayiya ta samo sunanta daga turbo ɗin da ke ƙirjinta, wata 'yar fanka a gidan ƙarfe da hayaƙin inji ke juyawa don ta dura wa injin iska. Idan ta kama hawa sai ka ji siririn "fiiiii", kuma matan ruga sukan fito da ƙoren nono tun kafin su hango ta. Kullum takan zaga ruga goma ta kwaso madarar da Adiza ke yin yogot da cukun wagashi da ita. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki gawa sau biyu, ta taɓa ɗaukar maraƙi a kujerar gaba ba a kuma ji tana ƙorafi ba.

Imoru ya nemi a rubuta cutar ajalinta yadda take, ba tare da an rufa masa asiri ba. Ranar da ya saye ta, Masta Majeed, makanikenta na Dungu, ya dafa bonet ya ce, "Imoru, wannan ba irin tsohuwar lorin babanka ba ce. Baƙin mai sintetik za ka ba ta, lambar da littafinta ya faɗa, 5W-40. Duk kilomita dubu biyar ka juye, ka canza filta. Da safe ka bar ta minti ɗaya mai ya zaga. In ka dawo daga gudu kuma, kar ka kashe ta nan take. Turbo yana nan ja zur kamar garwashi, in mai ya tsaya a ciki soyuwa zai yi."

Shekara huɗu Imoru yana bin wannan magana. Sai wani abokin hira a tasha ya shawo kansa cewa a zafin Tamale mai kauri ne ke riƙe inji, siririn mai na ƙasashen sanyi ne. Ya koma sayen na gefen titi, wanda ake ɗiba daga duro a zuba a robar ruwa, babu suna babu lamba. Juye mai ya koma sai ya tuna. A kowace ruga yakan murɗe makulli tun ƙafafunta ba su gama tsayawa ba, sau goma kowace safiya. Watanni uku da suka wuce fitonta ya fara shaƙewa, tana ɗan tari da shuɗin hayaƙi. Adiza ta ce, "Maigida, muryar motar nan ta canza." Ya ce zai kai ta Dungu ranar Asabar. Asabar goma sha biyu suka wuce.

Ranar Talata yana auna madara a rugar Baba Usumanu, dattijon da ya fara yarda da shi a wannan sana'a, sai ihu ya tashi daga garke. Bijimi ya soki tsohon a cinya, jini na tsartuwa. 'Yarsa Asmawu ta ɗaure wurin da mayafinta, aka watsar da jarkoki, aka shimfiɗa shi a baya, ita ta durƙusa tana danne raunin da hannu biyu. Tsakaninsu da asibiti kilomita goma sha shida.

Mai Fito ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Kafin su hau kwalta fitonta ya koma kuka, "wiii-wiii", kamar ana goga ƙarfe a dutse. Suna shiga Gumani jar fitilar mai ta kama. Imoru ya san hukuncin wannan fitila, domin Masta ya sha faɗa masa: inda ta kama, nan ake tsayawa. Da ya tsaya, da ƙila yau ba a rubuta wannan takarda ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya fara neman gefen titi. Sai Asmawu ta buga gilashin baya da gwiwar hannu.

"Kawu Imoru, ya daina amsa min!"

Ya mayar da ƙafarsa kan totur. Ya ratsa tsakanin babura da kekunan yalo-yalo masu ƙafa uku hannunsa a kan ham, hayaƙi na bin sa kamar an cinna wa gona wuta, inji na ƙwanƙwasa "kwas-kwas-kwas" a ƙarƙashinsa. Bai kalli fitilar ba kuma. Ya ce abin da ya iya tunawa kawai shi ne yana ta ce wa motar, "Yi haƙuri, saura kaɗan."

Ta kai su. Ma'aikatan jinya suka ɗauke Baba Usumanu da gudu. Imoru ya murɗa makulli, ya zare shi, amma motar ba ta mutu ba. Makulli na hannunsa, inji na ƙara hawa, yana ruri irin wanda bai taɓa ji ba. Farin hayaƙi ya rufe ƙofar asibitin, masu sayar da koko suka bar tukwane suka tsere, mai gadi na ihu, "Fita! Zai fashe!" Imoru ya diro, sai ya ga marasa lafiya na zaune a baranda taku kaɗan daga wurin. Imoru ya koma ciki, ya danne birki da duk ƙarfinsa, ya sa giya ta biyar, ya saki kuloci lokaci guda. Ta yi tsalle sau ɗaya, ta ce "gum". Daga nan shiru.

Masta Majeed ya duba gawar da la'asar. Bututun da ke kai wa turbo mai ya toshe da ƙonannen mai, baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya. Turbo ya yi ta juyawa a bushe har ya sake, man inji ya kwarara ta hanyar iska, ita kuma ta riƙa ƙona shi a madadin dizal har ta shanye jininta. Inji ya kame, ba ya juyuwa ko da sanda. Masta bai yi faɗa ba. Ya goge hannu ya tambaya, "Tsohon fa?" Aka ce an ƙara masa jini leda uku, ya buɗe ido. Ya ce, "To, ta mutu a bakin aiki. Amma ba yau ka kashe ta ba, Imoru."

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu da safaya, batir mai wata bakwai, jarkoki goma sha biyu da aka tsinto daga ruga, da Adiza wadda yanzu ke jiran madara a motokin haya, wato babur mai ƙafa uku, rabi ta iso a tsinke. Ta bar Baba Usumanu da ƙafafunsa biyu.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe tara na safe daga ƙofar asibiti, a ja ta da igiya ta bi ta Kanvili zuwa garejin Masta Majeed a Dungu, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Za a ajiye turbo da bututun a kan tebur, a buɗe, don direbobi su gani da idonsu. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai. Mai zuwa ta'aziyya da mota ya buɗe bonet, Masta zai duba masa mai. Imoru ne zai riƙe sitiyari yayin ja, kuma ya roƙi kada kowa ya zauna a gaba tare da shi.