Ƙunshi Biyu a Hanyar Isa

Ba za ni taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da yake, in faɗi gaskiya, na yi ƙoƙarin mantawa har na gaji. Mutanen Isa ne ba su bari.

Bayan na gama hidimar ƙasa na dawo gida Sabon Birni, wata ƙungiya mai raba wa manoma irin gero da dawa ta ɗauke ni aikin gwaji na wata uku. Aikina in bi ƙauyuka, Gangara da Gatawa da na kewayensu, in rubuta sunan kowane manomi da girman gonarsa, in shigar a kwamfuta. Wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da iri a damina mai zuwa. Sharaɗinsu ɗaya: in zo da kwamfutata, wadda za ta iya yawo bisa babur ɗin kabu-kabu.

Da wani ne, yini ɗaya ya ishe shi ya saya. Ni mako uku na yi ina bincike. Na ja layuka a takarda: nauyi, daɗewar batir tunda wuta sai ta ga dama, faɗin fuska, jure zafi. (Wannan na ƙarshe har layi biyu na ja masa a ƙasa. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.) Da na je Sakkwato shago bakwai na shiga. A na ƙarshe na roƙi mai shagon ya bar ni in kai guda biyu wurin maƙwabcinsa mai sayar da ƙusa, in aza su bisa sikeli. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kwamhuta kaka saye ko rago?" Na ɗauki wadda ta fi rashin nauyi, siririya, kilo ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Har yau ina ganin zaɓin bai yi laifi ba. Ina jin dai mai zaɓin ne.

Kowa ya san halin hanyarmu a shekarun nan. Ba a son mutum ya yi kama da ma'aikaci, kuma baƙar jakar kwamfuta a baya kamar shela ce. Na yi kwana biyu ina tunani, sai dabara ta zo mini: abu mai faɗi, siriri, marar nauyi, wanda kowa ke tafiya da shi ba a tambaya, ai kilishi ne. Na samo takardar siminti na naɗe kwamfutar, na ɗaure da zare. Don kada a yi shakka na ɗiga man gyaɗa a bayan takardar, na goga ɗan yaji. Fulash ɗin da na ajiye kwafin sunayen a ciki kuwa, na sa shi cikin ƙunshin, don kada ya ɓace. Haka na yi ta yawo mako shida lafiya lau, ina jin kaina wani gwani.

Ranar miƙa sunaye aka ce mu haɗu a ofishin ƙungiyar da ke Isa. Ina ɗaure takalmi Inna ta fito da nata ƙunshin.

"Tunda Isa za ka, ga saƙo ka kai ma Gwaggonka. Kilishi na, na sa shi tsakanin kwali don kada ya kakkarye."

Takardar siminti, zare, ɗigon mai. Sak irin nawa, amma wane ɗa ne zai ce wa uwarsa ba ya ɗaukar saƙo? Na yi tunanin in yi wa nawa alama da biro, sai na ji tsoron alamar ta jawo ido. Na yanke shawara: nawa a dama cikin buhu, na Gwaggo a hagu. Tun daga ƙofar gida nake maimaitawa kamar mai tilawa, dama nawa, hagu nata.

Kusa da Gatawa aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sa-kai ya ce in sauko da buhu. Ya zaro ƙunshin biyu, ya jinjina, ya shinshina.

"Kai ko dillalin kilishi na?"

"Saƙo ne, yallaɓai. Kusan duka saƙo ne."

Ya mayar da su ya ce mu wuce. Murnar dabarata ta ci ta hana ni duba wanne ya koma ina.

Na biya gidan Gwaggo da hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, na zaro na hagu na miƙa. Ta karɓa da hannu biyu ta ajiye gefe, don a wurinmu ba a buɗe saƙo a gaban wanda ya kawo, sai a ce kwaɗayi. Da al'ada ta yarda a buɗe, da ba ku ji wannan labarin ba.

"Zamna ka sha hura."

"Gwaggo, ina sauri, ana jirana."

"Kullum sauri. Ubanka ma haka yat taso."

A ofis na tarar an cika. Ga Hajiya Balki, shugabar aikin da ta zo daga Sakkwato, ga wakilan manoma bisa benci, cikinsu har da Baba Nomau na Gangara, dattijon da ya yi ta yawo da ni gona gona. Tun farko Hajiya ta faɗa: motarta za ta tashi ƙarfe biyu, don babu direban da zai yarda la'asar ta same shi a hanya. Sunayen da ba su shiga motar ba, sai baɗi.

Sai wajen sha biyu da rabi aka zo kaina. Da na yi shiru na kwance ƙunshina, da abin ya zo da sauƙi. A'a, sai da na yi jawabi. Na ce, a ɗan fahimtata, in ban yi kuskure ba, ya kamata ma'aikaci ya zaɓi kwamfuta marar nauyi, ya kuma san yadda zai ɓoye ta. Na ɗaga ƙunshin kowa ya gani. Hajiya har ta gyaɗa kai, ta ce wa sauran su koya. Na kwance zare a hankali, na buɗe takarda, na ɗaga kwali.

Kilishi. Jajir, yana ƙyalli, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Na tuna dai na ɗaga shi na leƙa ƙasa, kamar kwamfutar za ta ɓuya a can. Baba Nomau ne ya fara magana.

"Ɗana, ina aka kunna ta?"

Ɗakin ya fashe. Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi agogo ta ce, "Kana da kwafi a fulash?"

"Ina da shi, Hajiya."

"Kawo."

"Yana tare da ita."

Ban jira amsa ba. Na bar kilishin a tebur na fita da gudu, na tare kabu-kabu. A hanya babu abin da ban hango ba: Gwaggo ta aika da ƙunshin gidan barka, ko ta sa wuƙa za ta raba wa maƙwabta, ko ta jefa shi bisa rumbu. Sunayen mutum ɗari da wani abu, mako shida na rana da ƙishirwa.

Na faɗa gidan ko sallama ban ƙarasa ba. Gwaggo na zaune da maƙwabtanta biyu suna gyaran wake.

"Gwaggo, saƙon nan, ina yake?"

"Lahiya? Na taɓa shi na ji shi sanyi ƙalau, na ce raɓa ta kama shi. Na aza shi bisa kwano ya sha rana."

Na ɗaga kai. Ga shi can bisa rufin kwanon ɗakin girki, a tsakar ranar bazara, tun hantsi. (Jure zafi. Layi biyu.) Na jawo turmi na hau, da takalmi da komai, a gaban matan nan. Ƙunshin ya ƙona mini yatsu. Na sauko na rungume shi na nufi ƙofa.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Yau ga wanda ya kawo kyauta ya dawo ya amshe."

Gwaggo ta ce, "Ku bar shi. Boko ta yi mai yawa."

Biyu saura kwata na koma ofis. Na kwance, na danna. Shiru. Na sake dannawa, fuskarta baƙa ƙirin, jikinta kamar tandar waina. Na zaro fulash ɗin, sai Hajiya ta ce tata kwamfutar batir ya ƙare tun ɗazu, kuma babu wuta. A waje direba ya tayar da mota. Zufa na ɗiga daga haɓata, na fara tsara yadda za ni gaya wa mutanen Gangara cewa irinsu ya gasu bisa rufin Gwaggo.

Baba Nomau ya matso, yana tauna wani abu. Ya cire malfarsa ya shiga yi wa kwamfutar fifita. Wani ya ɗauko kwalin Inna ya taya shi. Dattawa huɗu suka kewaye ta kamar masu jinyar mai zazzaɓi. Direba ya danna oda sau biyu. Hajiya ta ɗauki jakarta ta miƙe, ta ce, "Minti biyar."

A na huɗu, ko wataƙila na biyar ne, na yi bisimilla na danna. Ta yi ɗan ƙara, fuskar ta kawo haske. Na tura sunayen zuwa wayar Hajiya ta igiyar caji, ta duba ta ce sun cika. Ta kai ƙofa ta juyo.

"Ka ci gaba da aiki. Amma ka sayi jaka."

Sai a lokacin na tuna da saƙon Inna. Na duba tebur, takarda ce kawai da ɗigon mai. Baba Nomau ya goge baki ya ce, "Mun ga tana ta ɓata maka rai, shi ya sa munka rage ta."

Da yamma na koma wurin Gwaggo hannu wofi, na yi bayani tun daga sikelin mai ƙusa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta fahimta sarai, amma ina kilishinta?

Iri ya iso Gangara kafin ruwan farko. Kwamfutar tana nan, da ita nake wannan rubutu, kuma har yau in ta ɗauki zafi tana ɗan ƙamshin yaji. Masu tambayata wace iri za su saya don tafiya, ina ce musu, a ɗan sanina, su duba nauyi, su duba batir. Amma in abu ya kai rashin nauyin da ba ka bambanta shi da saƙon uwarka, to ka bar shi da kamanninsa. Na ɓoye ta don kada a gane ta a hanya, kuma dabarar ta yi aiki: mutumin da ta fi ruɗawa shi ne mai ita.