Guguwa a Kan Akurki

Tun bara Kaka ke riƙe da maganar hoton nan a ranta. Ƙaton hoto ne na leda mai kauri, na ɗan ƙwallon da ake kira Guguwa, wanda jikanta mai aski ya rataya a bangon shagonsa. Ranar da ta ce ya ba ta ta rufe akurkinta da ke yoyo, mako guda ya yi bai gaishe ta ba, wai ta ci mutuncin gwarzo. Ita kuwa kaji biyu sanyi ya kashe mata.

Damina na sake kunno kai sai Allah ya dube ta. Matar Guguwa ta kama shi da waya ta biyu ɓoye cikin takalmin ƙwallo, ta watso masa kayansa ta tagar bene, wani ya ɗauki bidiyo ya yaɗa. Kwana uku rediyo ba shi da wani zance. Kaka ba ta san gaban ƙwallo da bayanta ba, amma ta san mutane: Asabar akwai wasa, in ya ci ɗaya tak an yafe masa. Don haka Alhamis da hantsi ta ɗauki sandarta.

Ta tarar an juya wa hoton fuska bango, mutum uku a benci suna ta yanke hukunci: wannan ya ce a kore shi, wancan ya ce shi tun da ya ga askinsa ya san ba mutumin kirki ba ne.

"Sannu da aiki, maigidan da ba ya cefane."

"Amaryar da ta girmi kasuwa. Wa ya buɗe miki ƙofa?"

"Jaje na zo. An ce ubangidanka na tsintar wandunansa a titi."

"Wa ya ce? Rediyonki da sai an mare shi yake magana?"

Ta rantse wayoyi bakwai aka kama, har da wadda ya ɓoye a buta. Ya ce ɗaya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ce to ɗaya ma abin kunya ne a bangon mai iyali, ya kawo ta rufa masa asiri ta kai masa shi nesa.

"Nesa, wato kan akurki. Tsohuwa, na gano ki. Bari mu ga Asabar tukuna."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwa ba ya jiran Asabar."

Da ta ga ya ƙi, sai ta kwance ɗankwalin da ta ɗaura, ta shimfiɗa a tebur, ta dubi 'yan benci. Tunda duk alƙalai ne, in ji ta, kowa ya ajiye wayarsa a buɗe, ita za ta ƙulle ta bi gida-gida ta miƙa wa matansu, kyauta.

Wanda ke kan kujera, da rabin kai a aske, ya tuna ya bar famfo a buɗe a gida, ya fice.

"Kai kuma, angona, mu fara da 'yar ƙaramar nan ta aljihun tebur, ƙarƙashin matazai."

"Ta masu zuwa aski ce, Kaka."

"Madalla. Matarka za ta so ta gaisa da su. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kai kana fifita."

Dariya ta ƙwace masa har ya ajiye inji. Ya hau kujera ya sauko da Guguwa, ya naɗe, ya haɗa mata da igiya, yana cewa a bar kaza cikin gashinta.

Ta saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ta juyo.

"Zakarana matansa tara, ba a taɓa sa shi a rediyo ba, zai koya masa zama. In ya ci ƙwallo Asabar kuka yafe masa, ku zo gaisuwa. Sai dai ƙofar akurkin gajera ce, da rarrafe ake shiga."